Hular Roba

Kwalba arba'in da biyu nake kiwo
a ɗakin gwaji na sakandarenmu ta Kiyako.
Ba sa cin dusa, ba sa neman ruwa,
amma sai na ƙirga su kafin in rufe ƙofa
kamar mai tumaki da magariba.
Kowace da tsinken gilashi a cikinta,
kowace da hular roba a ka.
Hular ce ke hana ni barci.

Gilashi mai haƙuri ne,
in ba a yar da shi ba, shi zai ga bayana.
Roba kuwa 'yar gata ce.
Zafin bazara ya sauko ta kwanon rufi,
sai ta tsattsage kamar kaushin diddige,
ko ta yi danƙo ta bi yatsa.
Ka matsa, shiru.
Ka saki, ba ta jan komai.

Tun kaka na rubuta takarda.
Shugaba ya sa hannu, ya ce kaya na hanya.
An sare dawa, an ci wake,
kaya na hanya.

Ranar Asabar na hau motar Kano
da matacciya ɗaya a aljihu, don nuni.
A Sabon Gari, layin masu kayan asibiti,
wani yaro ya juya ta, ya yi dariya:
"Baba, hula kaɗai ba ma sayarwa, sai da kwalbarta."
Na ce, "Ɗana, kai ina da shi,
hula na zo nema."

Sai a shago na bakwai
wata dattijuwa ta duƙa ƙarƙashin kanta
ta jawo leda mai ƙura.
Talatin, baƙaƙe wuluk.
Na riƙa kai su kunne ɗaya bayan ɗaya,
don mai rai tana numfashi.
Kuɗin awarar rana ya tafi a nan,
na dawo da yunwa, aljihu na motsi.

Tara sun yi wa wuyan gilashina faɗi,
na naɗa musu zaren ɗinki.
Gibin na cike shi da kwalaben maganin ido
daga kemis ɗin Tanimu,
wanki uku, ɗauraya bakwai.
Na ajiya kuwa suna gwangwanin madara,
na barbaɗa musu hoda kamar jarirai,
na binne su a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Doka ɗaya ce a ɗakina:
kowane tsinke ya koma gidansu.
Na asid ba ya ziyara.

Litinin, Malama Hansatu ta yanka rogo.
Barira ta ɗaga kwalbar aidin,
hannu na rawa, ta matsa hular.
Ɗigo ya taru a baki,
ya yi nauyi, ya yi shawara,
ya faɗo.
Farin rogo ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi,
aji ya ɗauki "Kai!"
"Malama, dama baƙin yana ciki?"
Ina can baya, jingine da taga.
Ba wanda ya dubi hular.
Haka nake so.

Da yamma na ƙirga:
arba'in da ɗaya.

Kwana uku ina cigiya
kafin Mati ya zo, ido a ƙasa.
Shaho ya ɗauke uwar tantabarunsa,
'ya'yan biyu ba su iya tsattsaga ba,
da tsinkena yake ɗiga musu kunu.

Gabana ya faɗi: "Na wace kwalba?"
"Ta ruwan zalla, Baba Ilu. Na karanta takardar."

Na buɗe baki zan yi faɗa,
na rufe.
Ya karanta takardar.

Na ce ya dawo da shi in sun yi fiffike.
A littafin kaya na rubuta:
ɗaya, yana aiki a waje.